Yadda ake kiwon kajin ƙawa a tsakar gida a Katsina da Daura

Kiwon kajin ƙawa ya samu karɓuwa a ƙasar Katsina da Daura. Gidan da a da ba ka ganin komai sai tattabaru da 'yan kajin Hausa suna tono a bakin rariya, yanzu sai ka shiga ka tarar da zakaran Birahma yana taku ɗai-ɗai da gashi har yatsu, ko farar Silki a hannun yarinya, ko Folish da tukku ya rufe mata ido. Ba don nama ake ajiye su ba, ƙwan ma ba shi ne a gaba ba. Don kallo ne da ɗebe kewa, kuma a ganina wannan dalili ya isa mutum ya kashe kuɗinsa a kai.

Abin da ke ci mini rai shi ne yadda da yawansu ke mutuwa ba su shekara a hannun mai su ba. Dalilin kuwa a fili yake. Akasarin waɗannan kaji a ƙasashen sanyi aka gyara irinsu, mu kuwa muna da Afrilu da Mayu, lokacin da zafi kan haura digiri 40 ko a inuwa, ga kuma hunturu da annobar kaji ke bin unguwa gida-gida. Saboda haka a tsarin da zan kawo, sayen kaza ba shi ne farko ba. Sai an zaɓi iri, an gina wuri, an san inda za a samu rigakafi, sannan a sayo.

Wane iri gidanka zai iya ɗauka?

Kaza ba ta zufa. Zafin jikinta yana wajen digiri 41, kuma hanyoyin da take rage shi su ne haki, da ware fukafukai, da jinin da ke bi ta zanko da jan naman da ke reto ƙarƙashin baki yana hucewa. Idan ka riƙe wannan, za ka iya auna kowace kaza da ido. Mai babban zanko da siririn jiki da ɗamammen gashi ta fi jure bazararmu. Mai ƙaton jiki da ƙaramin zanko da gashi buzu-buzu ita ke fara galabaita.

Birahma ita ce kowa ke fara nema. A Amurka aka samar da irinta wajen shekarun 1850, daga manyan kajin da aka kai can daga tashar jiragen ruwa ta Shanghai a ƙasar Sin. Cikakken zakara yakan kai kilo 5 zuwa 5.5, macen kuma kilo 4 da wani abu. Tana da sanyin hali, ba ta tsallake katanga, yaro ma yana iya ɗaukarta. Amma zankonta ƙarami ne, gashinta mai kauri, har ƙafa a rufe take. Birahma a watan Afrilu tamkar mutum ne da aka sa wa babbar riga aka ƙara masa bargo da tsakar rana. Ana kiwonta a nan kuma tana yi, amma sai a gidan da ke da inuwa ta gaske. Kajin Kocin da Ofinton su ma matsalarsu ɗaya da ita wajen zafi. Ita Ofinton wani Bature mai suna William Cook ne ya fitar da irinta a Ingila a 1886, kuma don sanyin can aka yi ta.

Silki daga ƙasar Sin take. Fatarta da ƙashinta baƙi ne, yatsunta biyar maimakon huɗu, gashinta kuma bai haɗe ba kamar na sauran kaji, shi ya sa ba ta tashi sama kuma ruwa ke ratsa ta har fata. Matsalarta a nan damina ce: idan ruwa ya doke ta ba a busar da ita ba, sanyi zai kama ta. Wajen kwanci da riƙon 'ya'ya kuwa da wuya a samu wadda ta fi ta. Folish kyakkyawa ce, amma tukkunta na tare mata gani, don haka tana da firgita, kuma shaho ko muzuru kan same ta ba ta ankara ba. Sibrait, 'yar ƙarama mai zanen baƙi a gefen kowane gashi, 'yan tsakinta na da wuyar rayawa, ban ba sabon shiga shawarar farawa da ita ba.

Akwai wadda mutane ke tsallakewa alhali ita ta fi dacewa da mu, wato Fayumi ta ƙasar Masar. Wuyanta fari kamar azurfa, jikinta da zanen baƙi da fari, tana jure zafi, tana da ƙarfin jiki, tana fara ƙwai tun wajen wata biyar. Aibinta ɗaya: ba ta son a riƙe ta, kuma tana tashi, sai an rufe saman wurinta.

Idan ni za ka tambaya, wanda gidansa siminti ne ko'ina ba bishiya ya fara da Fayumi ko Silki. Wanda ke da bedi ko mangwaro a tsakar gida ya ɗauki Birahma. Ko wanne ka zaɓa, ka fara da iri ɗaya, zakara ɗaya da mata uku ko huɗu. Kuma ka ajiye kazar Hausa ɗaya ko biyu masu kyan kwanci, za ka ga amfaninsu nan gaba.

Gina wurin

Akurkin laka mai ƙaramar ƙofa, irin wanda aka saba, bai dace da waɗannan kaji ba. Ba ya shan iska, ba ya sharuwa, kuma ƙuma na samun maɓoya a tsagoginsa. Abin da kake so ɗaki ne mai rabin gini rabin waya, haɗe da ɗan fili da aka kewaye.

Ga kaji biyar ko shida masu girman Birahma, ɗaki mai ƙafa 6 da 6 ya wadatar, da filin shan iska kamar ƙafa 6 da 12. Ƙananan iri ba sa bukatar haka duka, amma ba a taɓa yin nadamar faɗin wuri. Tsawon rufi ya kai ƙafa 7 ko fiye, don kai ma ka shiga a miƙe, zafin kwano kuma ya yi nisa da su. A ɗora bulo layi biyu ko uku daga ƙasa, sauran a sa waya mai ƙananan idanu wadda ɓera ba zai ratsa ba. A zuba siminti a daɓe, domin gafiya da jaɓa ta ƙasa suke shigowa, maciji kuma yana bin ramin da suka haƙa.

Ka lura da fuskar ginin. Tsawonsa ya bi gabas zuwa yamma, yadda rana za ta bi ta saman rufi ba ta leƙa ciki ta gefe ba. Bangon gabas a toshe shi gaba ɗaya, don hadarinmu daga gabas yake tasowa da iska da feshi. Ɓangaren arewa kuma a tanadi buhu ko tamfol da za a riƙa saukewa da daddare lokacin hunturu, a naɗe da safe. Kada a rufe ko'ina ruf don tsoron sanyi. Babbar kaza ta fi jure sanyin Janairu a kan warin kashinta da ya taru a ɗakin da ba iska, wannan warin ne ke buɗe ƙofar mura.

Kwano tsirara murhu ne a bazara. A shimfiɗa masa zana ko karan dawa a sama, ko a yi rufin ciyawa tun farko idan ana iya sabunta shi. A ƙasa a zuba ɓuntun shinkafa ko dusar katako mai kauri kamar yatsu huɗu. Ɓuntu ya fi sauƙin samu a wajen masu injin casa, kuma ba ya manne wa gashin ƙafa. Duk inda ya jiƙe a kwashe nan take.

Sandar kwana ta zama mai faɗi, ba siririya ba, kuma kada ta wuce ƙafa ɗaya da rabi daga ƙasa. Birahma mai kilo biyar idan tana dirowa daga sama kullum, tafin ƙafarta zai kumbura ya yi ƙurji mai wuyar warkewa. Wurin ƙwai guda ɗaya ya ishi mata huɗu, a ajiye shi a lungu mai duhu. Sannan a sa kwaɗo a ƙofa. Kazar da kuɗinta ya kai na kajin Hausa da yawa, ba shaho kaɗai ke sha'awarta ba.

Lokacin saye, da abin da za ka duba

Ƙarshen damina zuwa farkon kaka ya fi. Zafi ya sauka, hatsi ya yi sauƙi, kuma kajin za su samu watanni su saba da gidan su yi ƙwari kafin bazara. Kada ka sayo a Maris ko Afrilu, musamman idan daga Jos ko Ibadan za a ɗoro su a mota. Ko daga Kano ne, a taso da asuba ko bayan la'asar, a kwando ko keji mai shan iska, ba a cikin but ba.

Sabon shiga ya sayi matasa 'yan sati 8 zuwa 12. Sun wuce lokacin da aka fi asara, an fara bambance mace da namiji, kuma har yanzu za su saba da hannu. Silki ce kawai takan kai wata huɗu ko fiye kafin a tabbatar da jinsinta, don haka duk wanda ya rantse maka a kan 'yar wata ɗaya cewa mace ce, hasashe yake yi.

Ka je gidan mai kiwon da kanka in da hali, ka ga iyayen. Hoto a waya ba shaida ba ne. Ka ɗauki kazar ka ji nauyinta, ka shafa ƙashin ƙirji: idan ya fito tsini ba nama a gefensa, akwai abin da ke cinta. Ido ya zama garau ba kumfa, hanci a bushe, gashin dubura ba kashi a manne. Kara kunnenka a bayanta ka saurari numfashi. Buɗe gashin ƙarƙashin fiffike ka nemi ƙwari. Ƙirga yatsun Silki. Dubi ƙafar Birahma, gashin ya sauka ta gefen waje har yatsa. Sannan ka tambayi rigakafin da aka yi, da ranakun da aka yi su. Wanda ke kiwo da gaske yana da amsa a rubuce. Idan ka ji farashi ya faɗi ƙasa warwas, ka tuna araha ba ta ado: ko ruwa biyu ce, ko mai ita ya ga alamar ciwo a garkensa yana son rabuwa da su.

In ka kawo su gida, kada su haɗu da kajin da ke nan sai bayan sati uku. Keji daban, mazubin ruwa daban, nesa da juna, kuma su za ka riƙa duba a ƙarshe, ka wanke hannu. Wannan doka ta hau kan kazar da aka sayo kasuwa don miya, da zabin da aka kawo tsaraba daga ƙauye, da kajin da ake tarawa gab da salla. Ta nan cuta ta fi shiga gidajen masu kajin ƙawa. Wadda aka sayo don yanka a yanka ta a ranar, can nesa da ɗakin.

Rigakafi

Nan ne zan fi tsayawa, domin nan ne kiwo ke tsayuwa ko ya rushe. Cutar Niyukasil ita ce annobar da muka sani: koren zawo, numfashi da baki buɗe, murɗewar wuya, kaji su yi ta faɗuwa cikin kwana biyu ko uku. Ta fi tashi da hunturu. Ƙwayar bairos ce ke kawo ta, don haka kafso da duk wani maganin ƙwayoyin cuta da ake zubawa a ruwa ba sa kashe ta. Barkono da saƙe-saƙin maɗaci da iyayenmu ke jiƙa wa kaji ba za su maye gurbin rigakafi ba. Birahma da Silki ba su da wata kariya da ta fi ta kazar Hausa a gaban wannan cuta.

Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta ƙasa da ke Vom a Jihar Filato tana yin rigakafin kaji, ana kuma shigo da wasu daga waje. Ana samunsu a asibitin dabbobi da shagunan magungunan dabbobi masu firji. Tsarin da aka fi bi ga 'yan tsaki shi ne: rigakafin Niyukasil na ɗigon ido a satin farko; na Gumboro, cutar da ke karya garkuwar jikin 'yan tsaki, wajen kwana 10 zuwa 14, a maimaita bayan kamar kwana goma; Lasota, wanda shi ma na Niyukasil ne, wajen sati uku zuwa huɗu; na ƙuraje a fatar fiffike wajen sati shida zuwa takwas. Daga nan sai a riƙa maimaita na Niyukasil duk wata uku, kuma a tabbata ɗaya ya faɗo a Oktoba, kafin iskar hunturu ta kaɗa. Akwai nau'in da ake kira I-2, wanda ya fi jure zafi, an yi shi ne musamman don kajin gida. Ka kai wannan tsari wurin likitan dabbobi ya daidaita maka shi da abin da ke yawo a yankinku. Rigakafin cutar Marek, mai shanye ƙafa, ranar ƙyanƙyashewa ake yinsa, kuma Silki da Sibrait sun fi saurin kamuwa da ita, don haka ka tambaya tun wurin saye.

Yadda ake bayarwa ya kai maganin kansa muhimmanci. Rigakafi abu ne mai rai, zafi na kashe shi. Ka je sayensa da kula mai ƙanƙara, ka wuce gida kai tsaye. Da sassafe ake yi. A janye musu ruwa awa ɗaya ko biyu su ji ƙishirwa. A yi amfani da ruwan rijiya ko na burtsatse, ba na famfo mai kulorin ba, a zuba ƙaramin cokali ɗaya na madarar gari a kowace lita, a buɗe kwalbar a cikin ruwan. Mazubin ya zama na roba, ba sabulu a jikinsa. Su shanye cikin awa ɗaya zuwa biyu, abin da ya rage a haƙa rami a zuba, ba a ajiye shi don gobe. Ga mai kaji biyar, ɗigon ido ya fi tabbas, domin ka san kowace ta samu. Ba a yi wa kazar da ta riga ta kwanta ciwo.

Kwalba ɗaya ta kaji masu yawa ce, kai kuwa naka ba su kai goma ba. To ka yi wa maƙwabta magana a haɗu rana ɗaya a yi wa na kowa. Kajin maƙwabcinka da aka yi wa rigakafi katanga ce ga naka.

Na ƙuraje kuma kada a raina shi. Sauro ne ke yaɗa cutar, shi ya sa take yawa da damina, kuma tana ɓata zanko da fuska, wani lokaci ta rufe ido. Bayan sati ɗaya da yin allurar ka duba wurin: ɗan kumburi ko ɓawo shi ne alamar ta kama.

Ci da sha

Daga ƙyanƙyasa zuwa sati takwas a ba su abincin 'yan tsaki na buhu, wanda masu shago ke kira sitata. Daga nan sai na matasan kaji, wato girowa, har su fara ƙwai, sannan abincin masu ƙwai. Kada a ba ƙanana abincin masu ƙwai, sinadarin ƙashin da ke cikinsa ya yi musu yawa, yana lalata ƙoda. Kada kuma a ɗora Birahma a kan abincin kajin gidan gona na nama don a ga ta yi saurin girma. Ita a hankali take cika, takan kai wata shida ko bakwai kafin ƙwan fari, zakaran kuma sai ya haura shekara yake kai girmansa. In aka tura ta da abinci sai kitse ya rufe ta, ƙafa ta kasa ɗauka, zafi kuma ya fi saurin kayar da ita.

Babbar Birahma na cin kamar giram 130 zuwa 150 a rana, Silki wajen rabin haka. Gero da dawa da dusa ƙari ne, a watsa musu ɗan kaɗan da yamma, amma su kaɗai ba sa gina gashi mai sheƙi. Ganyen zogale, latas, ɓawon kankana, da gara idan an samu, duk suna so. A ajiye tsakuwa ƙanana a wani kasko saboda niƙa a ƙundu, da dakakken ɓawon ƙwai da aka gasa a wani. Abin da za ka guje wa shi ne duk abin da ya yi fumfuna, musamman masara da ƙuliƙulin da suka sha danshin damina. Gubar da ke ciki hanta take ci, ba a ganinta sai ta gama aiki. Buhun abinci a ɗora shi kan katako, kuma kada ka sayi wanda zai wuce wata ɗaya bai ƙare ba.

Ruwa kullum sabo, a wanke mazubi kowace safiya. Ga Folish da Silki a nemi mazubi mai ƙaramin baki don kada tukku ya riƙa tsoma ciki. Idan tafiya ta kama ka, ka damƙa su ga mutum takamaimai, ba “yaran gida” ba. Abin da ka kulle ba ya iya nema wa kansa, kuma mun san hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare ba ci ba sha.

Bazara

Daga tsakiyar Maris har ruwa ya sauka, tsarin yini zai canza. A ba da abinci da asuba, a ɗauke wajen ƙarfe goma, a mayar bayan la'asar, saboda narkar da abinci kansa na ƙara zafin jiki. Ruwa kuwa a ninka mazubai, a ajiye su a inuwa, a canza da azahar. Ruwan randa ya fi na jarkar da ta sha rana nesa ba kusa ba. Idan da ƙanƙara a jefa. A ranakun da zafi ya tsananta a sa musu bitamin na rage gajiya da ake sayarwa a shagon magungunan dabbobi.

A jiƙa buhun algarara a rataya a jikin waya ta inda iska ke shigowa. Iskarmu a bushe take a wannan lokaci, don haka wannan dabara na aiki sosai. A yayyafa ruwa a ƙasar gindin bishiya, za ka ga sun tona sun kwanta a ciki. Da dare a bar ko'ina a buɗe sai waya.

Haki kaɗan ba abin tsoro ba ne. Amma idan ka ga kaza ta kwanta ta saki fukafukai, zanko ya koɗe, ta ƙi tashi ko ka taɓa ta, to minti kaɗan ya rage. Ka tsoma jikinta cikin ruwa mai sanyi-sanyi, ba na ƙanƙara ba, kai a waje, na ɗan lokaci, sannan ka kai ta ɗaki mafi sanyi a gidan ka ɗiga mata ruwa a gefen baki. Kada ka ɗura, zai bi ta hanyar numfashi.

Gashi da ƙafa

A cika tsohuwar taya ko kwatanniya da yashi mai laushi da busasshiyar toka, a ajiye inda ruwa ba ya taɓawa. Birgimar da suke yi a ciki ita ce wankansu, tana rage ƙuma da kwarkwata. Duk sati biyu ka shiga da tocila da daddare ka duba ƙarƙashin sandar kwana da tsagogin katako, don akwai ƙwarin da ke ɓuya da rana su sha jini da dare. In ka gani, a fitar da shimfiɗa a ƙone, a yi feshi da maganin da likita ya ba da. Fiya-fiya da sauran magungunan ƙwari na gona kada su kusanci jikin kaza.

Masu gashin ƙafa na fama da wani ƙwaro da ke shiga ƙarƙashin ɓawon ƙafa ya ɗaga shi ya yi kaushi, gashi kuma ya ɓoye abin har ya yi nisa. A wanke da ruwan ɗumi, a busar, a shafe da basilin sosai, a maimaita duk bayan kwana biyu ko uku na wasu makonni. Tukkun Folish idan ya rufe ido a rage shi kaɗan da almakashi. Maganin tsutsar ciki duk wata uku, kuma a tambayi kwana nawa za a bar cin ƙwan bayan an ba da.

Sabo da mutanen gida

Kaza na sabo da wanda ke zama, ba wanda ke bin ta da gudu ba. Ka ɗauki kujera ka zauna cikinsu da yamma da ɗan gero a tafin hannu, kira iri ɗaya kullum. Cikin 'yan kwanaki za su zo da kansu. Wajen ɗauka, hannu ɗaya a ƙarƙashin ƙirji, ɗaya a kan fukafukai, a jingina ta da jiki. Ba a ɗaukar kazar ƙawa ta ƙafa ko ta fiffike. Folish kuma a yi mata magana kafin a taɓa ta, tunda ba ta ganin mai zuwa.

Uwargida, yara za su so su fiye da kowa, kuma hakan na da kyau: a ba babba aikin ruwa, ƙarami tsintar ƙwai. Sharaɗi biyu ne, wanke hannu da sabulu bayan an taɓa su, kuma ba a kai kaza baki ko kan shimfiɗa, don lafiyayyar kaza ma na iya ɗauke da ƙwayar cutar da ke sa yaro zawo da zazzaɓi.

In kana son ƙyanƙyasa

Idan macen ta taɓa haɗuwa da wani zakara, a ware ta da zakaran irinta sati uku zuwa huɗu kafin a fara tara ƙwai, domin barbarar farko na daɗewa a jikinta. A tara na kwana bakwai kawai, tsini a ƙasa, a wuri mai sanyi kamar gindin randa, ba a firji ba, ba a wanke ba. A zafin bazara ƙwai na lalacewa da wuri, don haka kaka da hunturu sun fi.

Injin ƙyanƙyasa na son digiri 37.5 ba yankewa har kwana 21, da juya ƙwai har kwana 18, da ƙarin danshi a kwana ukun ƙarshe. Wanda ba shi da sola mai ƙarfi kada ya dogara da shi. A nan ne kazar Hausar da ka ajiye za ta biya ka. Idan ta yi kwanci ta kwana biyu ba ta tashi, ka je da dare ka zare ƙwanta ka sa na Birahma bakwai ko takwas, gwargwadon abin da jikinta zai rufe, kowanne da alamar fensir. Ka yi mata maganin ƙuma tun kafin nan. Da rani a ɗan jiƙa ƙasar da ke ƙarƙashin shimfiɗar don kada 'yan tsaki su maƙale a ɓawo. A kwana na goma ka haska kowane ƙwai da tocila a duhu: mai jijiyoyin jini yana da rai, wanda ya fito fayau a cire. In sun fito, a tsare uwar da 'ya'yan a keji wata guda ko fiye, kada ta ja su yawon bola inda shirwa ke jira.

Waɗanda aka ƙyanƙyashe a inji suna bukatar ɗumi kamar digiri 33 zuwa 35 a satin farko, ana ragewa da digiri uku kowane sati. Ko ba ma'auni za ka gane: in sun cunkushe a jikin wuta sanyi suke ji, in sun gudu gefe suna haki zafi ya yi yawa. Mai amfani da kurfoti ya bar kafar iska, hayaƙin gawayi na kashe su cikin dare. Kashi mai jini a wannan shekaru alamar cutar hanji ce da jiƙaƙƙiyar shimfiɗa ke haifarwa, tana da magani idan an yi sauri. Duk bayan shekara biyu ka yi musayar zakara da wani mai kiwo da ka amince da tsabtar gidansa, don in uba na bin 'ya'yansa jiki zai riƙa ƙanƙancewa, ƙwai kuma ya rage fashewa.

Kowace safiya kafin ka zuba abinci, ka tsaya ka ga wadda ba ta rugo ba. Ita za ka ware nan take, a kejin da ka yi amfani da shi wajen baƙi. In kuwa biyu ko uku suka mutu a rana ɗaya, fuska a kumbure, zanko ya yi shuɗi, to kada a yanka, kada a sayar, kada a jefar a bola. Murar tsuntsaye, wadda ta fara ɓulla a Nijeriya a Jihar Kaduna a 2006, haka take farawa, kuma tana iya kama mutum. Ka sa leda a hannu ka ɗauke gawar, ka hana yara shiga wurin, ka kira likitan dabbobi ya gani kafin a binne ta a rami mai zurfi.